Su Wane Ne Guru da Waliyyan Indiya, Kuma Me Ya Sa Jama'a Ke Binsu Haka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A finafinan Indiya da labaransu muna yawan ganin wasu dattawa masu dogon gemu, wasu da jan kaya wasu da fari, mutane na faɗuwa suna taɓa ƙafafunsu, ana ce musu guru ko baba. Na kuma ji cewa akwai waliyyai Musulmi a can da har Hindu ke ziyartar kabarinsu. Su wane ne waɗannan mutane? Bokaye ne ko malamai? Wane amfani suke yi wa jama'arsu da har ake binsu haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutanen da ka tambaya a kansu suna da yawa, kuma ba halinsu ɗaya ba. A cikin waɗanda Indiyawa ke kira guru, ko baba, ko sant, ko pir, akwai wanda ya yi shekara hamsin da wani abu a gindin dutse bai mallaki komai ba sai ɗan ƙyallen da ya ɗaura. Akwai masaƙin da ya rasu shekaru ɗari biyar da suka wuce, ana rera waƙoƙinsa har gobe. Akwai mai kamfanin sabulu da man goge baki, akwai kuma wanda kotu ta ɗaure kan fyaɗe. Zan yi maka bayani ta fuskar tarihi da zamantakewa, domin shi ne fannina. Abin da Musulmi ya yi imani da shi sananne ne, kuma bayyana yadda wasu mutane ke rayuwa ba ya nufin an yarda da aƙidarsu.

A ƙidayar da aka yi a 2011, mabiya addinin Hindu sun kusa kashi 80 cikin ɗari na mutanen Indiya, Musulmi kashi 14, wato kimanin mutum miliyan 172, mabiya addinin Sikh kuma ba su kai kashi 2 ba. Addinin Hindu ba shi da annabi guda, ba shi da littafi guda da kowa ya taru a kansa, ba shi kuma da wata majalisa da ke yanke hukunci a bi. Tsofaffin littattafansu da harshen Sanskrit aka rubuta su, harshen da talaka bai iya ba, kuma an yi ƙarnuka ana hana mutanen ƙasa-ƙasa ko sauraren karatunsu. To ta ina addini zai iso wa manomi ko mai wankin kaya? Ta bakin wani mutum mai rai da yake iya gani da idonsa. Burin mai addini a wajensu shi ne moksha, wato kuɓuta daga sake haihuwa bayan mutuwa sau bayan sau, kuma sun tafi a kan cewa karatu kaɗai ba ya kai mutum can, sai da hannun wanda ya riga ya bi hanyar. Almajiri yakan je wajen guru ya karɓi diksha, a raɗa masa wasu kalmomi a kunne da zai riƙa maimaitawa tsawon rayuwarsa. Guru da yawa suna iya lissafa malamansu, wannan daga wancan, har baya mai nisa. Adi Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, shi ake dangantawa da kafa manyan cibiyoyi huɗu a kusurwoyin ƙasar: Sringeri a kudu, Dwarka a yamma, Puri a gabas, Joshimath a arewa. Har yau kowace tana da shugaba da ya gaji na gabansa.

Taɓa ƙafa da kake gani a fim girmamawa ce da Bahindu ke yi wa iyayensa da malaminsa na makaranta ma. Sai dai a wajen mabiya da dama abin ya wuce girmamawa. Suna ɗaukar guru ƙofa ce zuwa ga ubangiji, wasu ma suna ɗaukarsa ubangijin ne ya sauko cikin jikin mutum, kuma Sathya Sai Baba, wanda ya mutu a 2011, da bakinsa ya yi wannan iƙirari. Shi ya sa ganin guru kawai, abin da suke kira darshan, ibada ce a wajensu, mutum ya yi tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa don ya kalli fuskarsa na minti ɗaya. A nan hanyarsu ta rabu da ta Musulmi, domin pir, wato shehun ɗariƙa, a wajen mai ɗariƙa bawan Allah ne, komai girmansa.

Wanda na ambata da farko, mai zama gindin dutse, Ramana Maharshi ne. Yana ɗan shekara 16 ya bar gida a 1896 ya tafi dutsen Arunachala a garin Tiruvannamalai, bai sake barin wurin ba har ya mutu a 1950. Koyarwarsa ba ta da yawa: mutum ya yi ta tambayar kansa wane ne shi, har ya gano abin da ke bayan tunaninsa. Sau da yawa ma ba ya magana, mutane su zauna a gabansa shiru su tashi. Irinsa su ne abin da Bahindu mai zurfin addini ke nufi idan ya ce guru, kuma ba su da yawa.

Amma idan kana son ka gane abin da ya sa miliyoyin talakawa ke bin waɗannan mutane, tilas ka san tsarin jati, wato jinsi ko ajin da aka haifi mutum a cikinsa. An raba al'ummar Hindu aji-aji bisa haihuwa. Brahman masu kula da ibada suna sama, sai sarakuna da mayaƙa, sai 'yan kasuwa, sai ma'aikata. A ƙasan waɗannan duka akwai waɗanda aka ce taɓa su ƙazanta ne, waɗanda yanzu ake kira Dalit: majema, masu kwasar bahaya, masu shara, masu ƙona gawa. Mu ma a ƙasar Hausa mun san sana'ar gado, mun san gidan da zai yi jinkirin ba mahauci ko wanzami 'yarsa. Amma ba wanda ya taɓa hana mahauci shiga sahu a masallaci, ko ya fasa tulu don ya sha ruwa a ciki. A Indiya an yi wannan da abin da ya fi shi. An hana Dalit shiga wurin bauta, an hana shi ɗibar ruwa a rijiyar gari, a wasu sassan jihar Kerala har an ƙayyade taku nawa zai tsaya nesa da Brahman. Tsarin mulkin 1950 ya haramta wannan wariya a sashe na 17, amma doka daban, zaman ƙauye daban. Mutanen da gwamnati ta lissafa a wannan rukuni sun haura kashi 16 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, sama da mutum miliyan 200.

A ganina nan ne asalin ƙarfin waliyyan Indiya yake. Labaran karama suna nan birjik, kowane baba da nasa, amma abin da ya riƙe sunan manyansu tsawon ƙarnuka shi ne sun zaunar da wanda aka kora, sun ci abinci tare da shi.

Daga wajen ƙarni na 6 zuwa na 9 aka sami mawaƙan ibada a ƙasar Tamil, Alvar su 12 da Nayanar su 63, suna waƙa da harshen da kowa ke ji, kuma a cikinsu akwai mafarauci da mai tukwane da mata. Wannan tafiya, da ake kira bhakti, ta haura arewa sannu a hankali. A ƙarni na 12, a Kalyana da ke Karnataka ta yau, wani waziri mai suna Basavanna ya buɗe zaure inda mai wanki da baduku da mace ke zama su yi muhawara kan addini tare da masu asali. Ya koyar da cewa aikin da mutum ke ci da guminsa ibada ne. Mabiyansa sun ruwaito cewa abin ya kai ga an ɗaura aure tsakanin 'yar Brahman da ɗan baduku, sarki ya sa aka kashe iyayen, gari ya hargitse, tafiyar ta watse na wani lokaci. A ƙarni na 15 a Banaras, birnin da ya fi kowane tsarki a wajen Hindu, aka yi Kabir, wanda ya tashi a gidan masaƙa Musulmi, yana caccakar malaman Hindu da na Musulmi duka kan riƙe ɓawo da yar da ƙwaya. A wannan birni aka yi Ravidas, baduku mai aikin fata, sana'ar da aka fi ƙyama, wanda ya yi waƙar wani gari da babu baƙin ciki, babu haraji, babu na ɗaya da na biyu da na uku, kowa na yawo inda ya ga dama. Ka yi tunanin wanda aka hana bin babbar hanyar garinsu yana jin wannan waƙa. Yau duk shekara Dalit dubbai ke cika jiragen ƙasa daga Punjab zuwa Banaras ranar haihuwar Ravidas.

Yanzu ga waɗanda ka ji labari, waliyyai Musulmi. Ɗariƙu da dama sun shiga Indiya, har da Ƙadiriyya da muka sani, kuma Shehu Abdulƙadir Jilani yana da matsayi babba a can, suna kiransa Gausul A'azam, suna raya ranar 11 ga Rabi'us Sani da sunansa. Akwai Naƙshabandiyya, wadda Shehu Ahmad Sirhindi, da ya rasu a 1624, ya ɗaukaka. Amma wadda ta fi shiga jinin talakan Indiya ita ce Cishtiyya. Khwaja Mu'inuddin Cishti ya zo daga yankin Sistan ya zauna a Ajmer, cikin Rajasthan, ya rasu a 1236. Laƙabin da jama'a suka sa masa Garib Nawaz, mai tallafar talaka. Daga cikin jikokinsa na ɗariƙa akwai Baba Farid na Pakpattan, wanda yanzu ke cikin Pakistan, sai almajirin Baba Farid, Nizamuddin Auliya na Delhi, da ya rasu a 1325.

Shehunan Cishtiyya na farko suna da ɗabi'u biyu da nake ganin su ne suka sa aka amince da su. Ta farko, abin da aka kawo musu kyauta ba ya kwana, a ranar ake rabar da shi, kuma tukunyar zawiyya ba ta tambayar addinin mai yunwa. Ta biyu, nisantar fada. Nizamuddin ya ga sarakunan Delhi da dama sun hau sun sauka, bai yarda ya zama ɗan fadar ko ɗaya ba. An ruwaito cewa da wani sarki ya nace sai ya kawo masa ziyara, ya aika masa cewa gidansa ƙofa biyu gare shi, in sarki ya shigo ta ɗaya shi zai fita ta ɗayar. Talaka yana lura da irin wannan. Mutumin da sarki ke nema yana gudu, amma mai tallan ruwa na shiga wurinsa kai tsaye, ba ya buƙatar wata karama kafin a so shi.

Bayan rasuwarsu sarakuna suka zo kabarinsu. Sarki Akbar na daular Mughal ya daɗe bai sami magaji ba, ya je wajen Shehu Salim Cishti a ƙauyen Sikri neman addu'a. Da aka haifa masa ɗa a 1569 ya sa masa suna Salim, wanda ya zama Sarki Jahangir, kuma a 1570 ya taka da ƙafa daga Agra har Ajmer don godiya. A hubbaren Ajmer akwai manyan tukwane biyu da ake dangantawa da waɗannan sarakuna, babbar ta Akbar tana cin kayan abinci kimanin kilo 4,800, ƙaramar ta Jahangir rabin haka. Abin da ake dafawa a ciki shinkafa ce mai zaƙi da man shanu da busassun 'ya'yan itace, babu nama, saboda Bahindun da ba ya cin nama shi ma ya miƙo kwanonsa. A farkon watan Rajab, lokacin tunawa da rasuwar shehun, garin yakan cika da Musulmi da Hindu da Sikh, suna kawo mayafin lulluɓa kabari da furanni, suna ɗaura zare a jikin tagogi da buƙatunsu, ana waƙoƙin ƙawwali, wato waƙoƙin bege na sufaye, har dare ya raba.

Kada ka ɗauka Musulmin Indiya duk sun yarda da wannan. Saɓanin da ke tsakaninsu kan ziyarar kabari da neman tabarruki ya tsufa, kuma zai yi maka kama da wanda ka sani a gida. Mabiyan Ahmad Raza Khan na Bareilly, da ya rasu a 1921, suna kare yawancin al'adun hubbare. Malaman Deoband, makarantar da aka kafa a 1866, suna da ɗariƙa su ma amma suna sukar abubuwa da yawa da ake yi a kabari. Ahlul Hadis kuwa sun ƙi abin gaba ɗaya. Babbar cibiyar jama'ar Tablig ta duniya, wadda Maulana Muhammad Ilyas ya kafa a shekarun 1920, tana unguwa ɗaya da hubbaren Nizamuddin, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa, kuma akwai waɗanda ke shiga ɗaya ba sa leƙa ɗayan.

Wanda ya mayar da ciyarwa ginshiƙin addini sosai shi ne Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, da aka haifa a 1469 a garin da yanzu ake kira Nankana Sahib a Pakistan, ya mutu a 1539. A Kartarpur, inda ya ƙarasa rayuwarsa yana noma, ya kafa langar, ɗakin girki na kowa da kowa. Sharaɗin ɗaya ne, a zauna a ƙasa a jere, kafaɗa da kafaɗa. A ƙasar da cin abinci da wanda bai kai ka asali ba ke ɓata mutum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Guru na uku, Amar Das, ya sa doka cewa duk mai son ganinsa sai ya fara zama a wannan layi ya ci. Yau a babban wurin ibadarsu na Amritsar ana ciyar da mutum dubu hamsin zuwa dubu ɗari a rana kyauta, kuma masu feraye albasa da wanke kwanuka yawancinsu 'yan sa kai ne. Littafinsu mai tsarki, wanda Guru Arjan ya tattara a 1604, yana ɗauke da baitocin Baba Farid Musulmi da na Kabir da na Ravidas. Wani abu kuma da ya kamata a lura da shi: guru na goma, Gobind Singh, kafin ya mutu a 1708 ya rufe ƙofar gadon guru ga ɗan Adam, ya ce daga nan littafin ne guru. Na ɗauki wannan ɗaya daga cikin matakai mafi hangen nesa a tarihin addinan yankin, kuma abubuwan da zan faɗa a ƙasa za su nuna maka dalili.

A zamanin Turawa abin ya ɗauki sabon salo. Narayana Guru na Kerala, ɗan jinsin Ezhava da aka hana shiga wuraren bauta, ya kafa wa mutanensa nasu wurin a Aruvippuram a 1888, aikin da Brahman kaɗai ke da ikon yi. Takensa shi ne jinsi ɗaya, addini ɗaya, ubangiji ɗaya ga ɗan Adam. Daga baya ya riƙa ce wa mabiyansa su rage gina wuraren bauta su gina makarantu, su koyi sana'a, su bar giya. Ƙungiyar da aka kafa da sunansa a 1903 ta zama makamin Ezhava wajen neman ilimi da aikin gwamnati, kuma a 1936 masarautar Travancore da ke yankin ta buɗe wuraren bautarta ga kowane Bahindu. Duk mai bayanin yadda Kerala ta zama kan gaba a Indiya wajen iya karatu da rubutu sai ya ambaci wannan mutum. A Bengal kuma, Vivekananda, almajirin Ramakrishna, bayan jawabinsa a taron addinai na Shikago a 1893, ya kafa Ramakrishna Mission a 1897 a kan cewa hidima ga mai buƙata ibada ce, kuma har yau suna da asibitoci da makarantu masu kyau.

Wannan hanya ce manyan guru na zamani suka bi. Shivakumara Swami na cibiyar Siddaganga a Tumakuru, wanda ya mutu a 2019 yana da shekara 111, ya yi shekaru da dama yana ciyar da yara dubbai, yana ba su makwanci da karatu kyauta ba tare da duba jinsi ko addini ba. Sathya Sai Baba ya buɗe babban asibiti a Puttaparthi a 1991 inda ake tiyatar zuciya ba a karɓar ko rupi ɗaya, ya kuma ja ruwan famfo zuwa ɗaruruwan ƙauyukan gundumar Anantapur mai fama da fari. Mata Amritanandamayi ta Kerala, 'yar gidan masunta, wadda aka sani da rungumar duk wanda ya zo wurinta, ƙungiyarta ta gina dubban gidaje bayan ambaliyar teku ta 2004. Inda asibitin gwamnati ya yi nisa ko ya cika, guru ne ke da gado da likita. Wanda aka yi wa ɗansa tiyatar zuciya kyauta, me za ka faɗa masa game da guru ya saurare ka?

Matsalar ta nan take farawa, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. Da farko, jati ya fi ƙarfin yawancin masu yaƙarsa. Mabiyan Basavanna, Lingayat, sun zama jinsi mai zaman kansa da nasa manya da ƙanana. A ƙauyukan Punjab da dama, duk da koyarwar Nanak, za ka tarar da wurin ibadar manoma masu ƙasa daban, na Dalit daban, har da wurin ƙona gawa. Dalit kusan kashi ɗaya cikin uku ne na mutanen Punjab, kaso mafi girma a duk jihohin Indiya, kuma ƙasar noma da ke hannunsu kaɗan ce. Wannan ne ya tura su zuwa dera, wato sansanonin guru masu rai, inda ake kiran mutum da sunansa, a ba shi aiki da riga, a taimaka masa ya bar giya, a aurar masa da 'ya. Wasu dera suna aikin kirki. Amma mutumin da bai taɓa samun mutunci ba sai a wuri guda, ba zai yarda a taɓa mai wurin ba ko da an kawo masa shaida.

Dera Sacha Sauda da ke Sirsa a jihar Haryana misali ne mai ciwo. Shugabanta Gurmeet Ram Rahim Singh yana da mabiya miliyoyi, yana shirya ba da jini da aurar da marasa galihu, 'yan siyasa na kowace jam'iyya suna zuwa gaishe shi kafin zaɓe don ya ce wa mabiyansa ga wanda za su zaɓa. A watan Agusta na 2017 kotu ta same shi da laifin yi wa mata biyu daga cikin mabiyansa fyaɗe, ta ɗaure shi shekara 20. Shari'ar ta ɗauki kimanin shekara 15 kafin a kai nan. Ranar da aka yanke hukunci mabiyansa suka yi tarzoma a Panchkula, mutum sama da 30 suka mutu. A 2018 wata kotu a Jodhpur ta yanke wa Asaram Bapu, wanda ke da ɗaruruwan cibiyoyi, ɗaurin rai da rai kan fyaɗen yarinya da iyayenta da kansu suka kai ta wurinsa neman waraka. Shi kansa Sathya Sai Baba, bayan mutuwarsa da aka buɗe ɗakinsa an sami zinariya kilo 98 da azurfa sama da kilo 300 da tsabar kuɗi masu yawa. Likita Narendra Dabholkar, wanda ya shafe shekaru yana tona asirin masu karamar ƙarya a Maharashtra yana neman a yi dokar hana su, harbe shi aka yi a Pune a 2013, sai bayan mutuwarsa aka zartar da dokar. A watan Yuli na 2024, a gundumar Hathras, mutum 121 suka mutu a turmutsutsu a taron wani mai wa'azi da ake kira Bhole Baba, yawancinsu mata talakawa, kuma rahotanni sun ce cunkoson ya faru ne lokacin da jama'a suka ruga su ɗebi ƙurar inda ya wuce.

Ɓangaren Musulmi ma bai tsira ba. Mutane da yawa na kai masu taɓin hankali hubbare neman sauƙi. A Erwadi, jihar Tamil Nadu, a watan Agusta na 2001, gobara ta tashi a wata bukka kusa da hubbaren garin inda ake ajiye irin waɗannan marasa lafiya, mutum 28 suka ƙone saboda an ɗaure su da sarƙa. Abin da ya biyo baya ya burge ni. A hubbaren Mira Datar da ke Gujarat an buɗe ɗakin likitan ƙwaƙwalwa a cikin harabar, masu hidimar hubbaren da kansu ke tura mara lafiya wajen likita bayan an yi masa addu'a. Sun gane cewa jama'a ba za su daina zuwa ba, sai aka kai musu maganin inda suke.

Siyasa da kasuwanci kuwa sun riga sun shige ciki. Yogi Adityanath, wanda ke mulkin Uttar Pradesh tun 2017, jihar da ta fi kowace yawan jama'a, shi ne kuma shugaban cibiyar Gorakhnath, kuma Musulmin jihar da dama na kokawa da kalamansa da manufofinsa. Baba Ramdev ya fara da koyar da yoga a talabijin, ya kafa kamfanin Patanjali a 2006, a 2024 kuma Kotun Ƙolin Indiya ta tilasta masa neman afuwa a jaridu kan tallan magunguna da ke yaudarar jama'a. B. R. Ambedkar, Dalit ɗin da ya jagoranci rubuta tsarin mulkin ƙasar, ya hango wannan. A jawabinsa na 25 ga Nuwamba 1949 ya gargaɗi majalisa cewa miƙa wuya ga mutum, ko da a addini ana ganinsa hanyar tsira, a siyasa hanya ce da ke kaiwa ga ƙasƙanci da mulkin kama-karya. Shi bai yarda waƙoƙin waliyyai sun isa su 'yantar da Dalit ba, ya ce sai ilimi da doka da ƙuri'a. Ina ganin yana da gaskiya a kan cewa ba su isa ba. Amma ina ganin kuma da wuya mutanen da aka yi ƙarnuka ana ce musu ƙazanta ne su miƙe su nemi haƙƙi, in da ba a sami irin su Ravidas da suka fara gaya musu cewa su ma mutane ne ba.

Da ka ce bokaye ne ko malamai, akwai masu duba da masu tsubbu a Indiya kamar ko'ina, kuma su finafinai suka fi nunawa, shi ya sa a wajenmu sunan Indiya ya haɗu da tsafi. Waɗanda na lissafa maka yawancinsu malamai ne da jagororin al'umma a cikin addinansu. Idan ina nazarin ɗayansu, abubuwan da nake dubawa su ne wa ke riƙe da kuɗin da mabiya ke kawowa kuma wa ke bincikarsa, ko mace ko yaro na iya kai ƙararsa a saurare su, da kuma yadda yake da masu mulki. Nizamuddin da Gurmeet Ram Rahim duka sun ciyar da mayunwata. Na farko ya raba abin da ke rumbunsa kafin ya rasu, na biyu ya gina fada da masu gadi da bindigogi.

Mutanenmu da yawa na zuwa Delhi neman magani ko karatu. In Allah ya kai ka, kana iya ganin abin da na faɗa da idonka a yini guda. Gurdwara Bangla Sahib, wurin ibadar mabiya Sikh, tana tsakiyar birnin, ana barin kowa ya shiga ɗakin girkin ya ga yadda ake aiki, sai dai a cire takalmi a rufe kai, kuma ba a shiga da taba. Hubbaren Nizamuddin ya fi cika daren Juma'a, wato Alhamis bayan magariba, lokacin ƙawwali, kuma kabarin almajirinsa mawaƙi Amir Khusrau yana cikin harabar. Mata na tsayawa a wajen ɗakin kabarin. Masu hidimar wurin za su tare ka da littafi su ce ka rubuta suna da abin da za ka bayar. Ba dole ba ne, kuma in kana son yin sadaka, a lungun da ke kaiwa hubbaren akwai gidajen abinci da ake sayen tikiti a raba wa mabuƙatan da ke zaune a bakin ƙofa, kana tsaye za a zuba musu.